Injin iska ko katifar lantarki: wanne ƙaramin asibiti a Legas zai fara saya don ɗumama masu tiyata?

A wajen wani suna muka haɗu da Yaya a Agege, bayan an gama cin tuwo ta ja ni gefe. Ba cikinmu ɗaya da ita ba. Ita ta koya mini riƙe abin shaƙa a fuskar majinyaci lokacin ina sabon shiga aikin sa barci, tun daga nan bakina ya saba da kiranta haka. Yanzu ita ce metiran, wato shugabar nas-nas, a wani ƙaramin asibitin kuɗi mai ɗakin tiyata ɗaya. Ta ce, "Ƙanina, mai asibiti ya yarda zai saki kuɗi, amma sau ɗaya. Wani dillali ya kawo mana injin da ke hura iska mai ɗumi cikin bargo, wani ya kawo katifar lantarki. Matan da muke yi wa aiki suna fitowa haƙora na haɗuwa, iyayensu na bakin ƙofa suna cewa mun sa musu sanyi. Wanne zan ce a saya?"

Na ce, "Yaya, da digiri nawa suke fitowa?" Ta dube ni, ta yi dariya. Ba sa aunawa. Kuma ba su kaɗai ba.

Wanda ya sha rana a Oshodi zai yi mamakin a ce sanyi na kama mutum a Legas. To ɗakin tiyata wata duniya ce. Likita na cikin riga kan riga, ga hula, ga takunkumi, ga fitila a saman kansa, shi ya sa ake murɗe na'urar sanyaya ɗaki zuwa digiri 18, wani lokaci har 16. Majinyaci kuwa yana kwance tsirara, an shafe masa ciki da ruwan wanke fata mai sanyi. Amma ko da an kashe na'urar, zafin cikinsa sai ya sauka. Ga yadda abin yake. Mutum a farke, cikinsa na wajen digiri 37, hannuwa da ƙafafu kuwa sun fi haka sanyi da digiri 2 zuwa 4, saboda jijiyoyin jinin fata a tsuke suke, suna tsare ɗumin a ciki. Maganin barci na shiga sai su saki. Jini mai ɗumi ya kwarara zuwa gaɓoɓi ya dawo a huce, kamar yadda mai shayi ke juya shayi daga kofi zuwa kofi. A awar farko kaɗai zafin ciki kan sauka da digiri 1 zuwa 1.5. Daga nan sai ya ci gaba da zurarewa a hankali, mafi yawa ta fatar da ke fuskantar iskar ɗaki. Da ya yi ƙasa da 36, an shiga inda ake gudu.

Allurar baya, wadda ake yi wa mafi yawan masu tiyatar haihuwa, ita ma haka take yi, har ta fi yaudara. Ƙafafu sun mutu, ƙwaƙwalwa na ɗauka ɗumi suke ji, ka tambayi mace ta ce lafiya lau, alhali ma'auni na sauka.

Tsofaffinmu da ke tsoron sanyi ya shigi mai jego suna da gaskiya, ko da hanyar da suka bi zuwa gare ta daban ce. A 1996 Andrea Kurz da Daniel Sessler da abokan aikinsu sun wallafa binciken da suka yi a Biyana, babban birnin Ostiriya, kan mutum 200 da aka yi wa aikin babban hanji. Waɗanda aka bari suka huce, kashi 19 cikin ɗari ɗinkinsu ya kama ƙwayoyin cuta. Waɗanda aka ɗumama, kashi 6. Masu sanyin sun ƙara kusan kwana uku a gado. Jini ma ba ya daskarewa da wuri cikin sanyi: wani nazari na 2008 da ya tattara bincike da dama ya nuna saukar digiri ɗaya kacal na ƙara zubar jini da wajen kashi 16 cikin ɗari. Duk wanda ya taɓa fita tsakar dare neman ɗan'uwan da zai ba da leda ɗaya ya san abin da wannan ke nufi. Magani kuma yana daɗewa a jiki. Vecuronium, mai saki tsoka, lokacin aikinsa kan ninka idan zafi ya sauka da digiri 2. Ga kuma masu sikila, da muke da su da yawa, waɗanda sanyi ke tayar wa da ciwo ko a gida, balle a kan tebur.

Amma akwai abin da dillalai ba sa faɗa. A 2022 mujallar Lancet ta buga wani babban gwaji mai suna PROTECT, mutum sama da 5000, mafi yawansu a Sin. An riƙe rabi a 37, rabi a wajen 35.5, ba a ga bambanci ba a ciwon zuciya, ko ƙwayoyin cuta a ɗinki, ko ƙarin jini. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne ba sai an kai 37 cif ba. Faɗawa 34 da ɗoriya ita ce masifar. Wannan ya shafi sayayya kai tsaye, domin na'urar da za ta riƙe mutum kusa da 36 kowace rana ta fi wadda za ta kai shi 37 amma rabin shekara tana cikin kabad.

Kafin a zo kan manyan biyun, akwai abubuwan da kuɗinsu bai kai a roƙi mai asibiti ba.

Ma'auni ne na farko. Bindigar goshin nan da ta cika gari lokacin korona a 2020 fata take aunawa, fatar da iskar ɗaki ta daka, kada a dogara da ita a tiyata. Mafi yawan na'urorin da ke nuna bugun zuciya da hawan jini suna da ramin wayar auna zafi, sai dai wayar na can cikin durowa tun ranar da aka kawo su. Ga wanda aka sa barci gaba ɗaya, a zura ta ta hanci ko maƙoshi. Ga wadda ke farke da allurar baya, ma'auni mai lamba a ƙarƙashin harshe, ko a hammata a danne hannu sosai, ya wadatar. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, a ƙa'idarta ta 2008 da aka sabunta a 2016, ta ce a auna duk minti 30 a tiyata, duk minti 15 a ɗakin farfaɗowa, kuma kada a sa mutum barci yana ƙasa da 36 sai in gaggawa ce.

Ƙa'idar ta kuma ce ɗaki kada ya gaza digiri 21 muddin majinyaci na buɗe. Inda jariri zai fito, Hukumar Lafiya ta Duniya 25 take so. Nan ne ake rigima da likitoci, kuma ban ga laifinsu ba, gumi na ɗiga cikin ciwo ba alheri ba ne. Sulhun da ke aiki a wajenmu shi ne a bar ɗakin da ɗumi har sai an gama shafa da lulluɓi, sannan a sauke.

Bargon auduga guda ɗaya na rage asarar ɗumi da wajen kashi 30 cikin ɗari, guda uku da wajen rabi. Bargon da aka ɗumama yana da daɗi a jiki, amma cikin minti goma ya huce. Tsarewa yake yi, ba ya ƙarawa. Hula da safa ma haka, a sa su, kyauta ne.

Robar ruwan zafi kuwa, don Allah a fitar da ita daga ɗakin tiyata. A wani asibiti da na taɓa yi wa aikin ƙarshen mako, wata nas mai tausayi ta ga mace na rawar ɗari, ta cika safar hannu da ruwan buta, ta ƙulle, ta sa mata tsakanin ƙwauri. Allurar baya ba ta sake ta ba, ba ta ji komai ba. Da safe aka yaye zani, sai ga bororo ya tashi faɗin tafin hannu. Ɗinkin cikinta ya warke ta koma gida da jaririnta, amma sai da ta yi fiye da wata tana dawowa wankin ƙuna, mijinta na tambaya me ya haɗa haihuwa da ƙafa. Ba mu kaɗai ke wannan ba. A 1994 likitocin sa barci na Amurka sun duba ƙararrakin da aka shigar kan ƙuna a tiyata, suka ga a cikin ƙunar da ɗumamawa ta jawo, mafi yawa daga ledoji da kwalaben ruwa ne da aka gasa aka jingina wa majinyaci.

Sai ruwan da ake ƙarawa, wanda dillalan Yaya duka biyu ba su ambata ba. Lita ɗaya mai sanyin ɗaki na sauke zafin babban mutum da wajen rubu'in digiri, leda ɗaya ta jini daga firji, inda yake zaune tsakanin 2 da 6, ita ma haka. Mai tiyatar haihuwa ta sha lita biyu, rabin digiri ya tafi ke nan, a kan wanda allura ta riga ta kwashe. NICE ta ce ruwan da ya kai mil 500 da duk wani jini a ɗumama su zuwa 37, ruwan wanke ciki kuma 38 zuwa 40. Akwai akwatin ɗumama ledoji, akwai kuma ƙaramar na'urar da ake laƙa wa tiyon ƙarin ruwa. Akwatin ya fi sauƙin riƙo, ba ya buƙatar wani abin da ake yarwa, sai dai in ruwan na ɗiga a hankali yakan huce kafin ya isa jijiya, kuma ba a sa jini a cikinsa. Jini sai na'urar da aka yi dominsa. Tsoma leda a ruwan buta na fasa ƙwayoyin jini. A sani dai, ruwa mai ɗumi ba ya ɗaga zafin wanda ya riga ya huce, hana ƙari yake yi.

Yanzu injin iska. Wani likitan sa barci a Amurka, Scott Augustine, shi ya fito da Bair Hugger a 1987, kamfanin 3M ya saye shi a 2010, kuma har yau da sunan ake kiran kusan duk irinsa. Akwati ne mai fanka da abin zafi, yana tura iska ta mesa cikin bargon takarda mai ƙananan huji, iskar ta bazu kan fata. Yawanci 32, 38 da 43 ne matakansa. Ƙarfinsa shi ne yana rufe gaban jiki, inda mafi yawan ɗumi ke fita, kuma yana da sauri. Shi ne aka fi yi wa bincike, shi NICE ta sa a gaba ga duk aikin da zai wuce minti 30. Yana da taya: a kai shi ɗakin kwanciya a ɗumama mutum minti 30 kafin allura, wanda shi ne babban maganin faɗuwar nan ta awar farko, domin in hannuwa da ƙafafu sun riga sun yi ɗumi, jinin da ya je can ba zai dawo a huce ba. Bayan aiki kuma a bi shi da shi ɗakin farfaɗowa. Akwai bargon ƙirji da hannuwa, na ƙafafu, na ƙarƙashi, na yara. In aka kawo mini wanda ya yi haɗari a hanya, jini ya zuba, jiki kamar randa, wannan injin nake nema.

Sai dai doki ne. Sayensa abu ɗaya, dusa da harawa wani abu. Bargon na mutum ɗaya ne, a yar, kuma daga waje yake zuwa, farashinsa na bin dala. Asibitin da ke aiki 40 a wata, bargo 480 ke nan a shekara. Na san yadda labarin ke ƙarewa: kwalin da dillali ya haɗa kyauta ya ƙare, a fara maimaita bargo ɗaya har ya yi jirwayen jini, daga nan wani ya ce ai ba sai da bargon ba, ya zura bakin mesa ƙarƙashin zanin gado. Wannan shi ne mafi hatsari. Iskar da aka yi don ta bazu ta taru waje ɗaya kan fatar da ba ta ji, an samu munanan ƙuna ta haka, masu ƙera injin da kansu sun hana. Ga shan wuta, kusan kamar dutsen guga ne da aka bari a kunne. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar masu layin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, ga kuɗin dizal, babu asibitin da ba ya lissafin abin da ke jone, kuma ƙaramar inbata ba ta son irinsa. Yana da ƙara, yana da matata da ake canjawa, likitan da ke tsaye kusa da shi yana jin zafinsa ya ce a kashe. In tokumbo ne daga Amurka, a duba bayansa, mai yiwuwa na wutar 110 ne, namu kuwa 230, sai da taransifoma.

An yi ce-ce-ku-ce a Amurka kan cewa iskar na iya tayar da ƙwayoyin cuta zuwa ciwo a aikin sauya ƙugu da gwiwa. A 2017 hukumar FDA, mai kula da magunguna da kayan asibiti a Amurka, ta ce ta duba, kuma tana ci gaba da ba da shawarar amfani da shi. Ga asibiti irin na Yaya wannan ba shi ne abin dubawa ba.

Katifar lantarki kuwa, kada a haɗa ta da wadda ake sayarwa a kasuwa don masu ciwon baya. Waccan ba ta da wurin zama a tiyata. Ta asibiti tana da wani siririn shimfiɗi na kabon a ciki wanda ke ɗumi bai ɗaya, tana aiki da ƙaramar wuta, tana da ma'aunin da ke hana ta wuce iyaka, yawanci tsakanin 37 da 40. Inditherm ta Ingila na cikin sanannu, NICE ta yi mata nazari na musamman a 2011. Akwai kuma HotDog, wadda shi Augustine ɗin ya fito da ita daga baya. Babu abin yarwa. A goge da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shimfiɗa zani mara kauri, a kwantar da na gaba. Ba ta ƙara, ba ta hura wa likita zafi, ba ta tare masa wurin yanka. Inbata na ɗaukarta ba tare da kuka ba, in an ɗauke wuta kafin janareta ya tashi tana nan da ɗuminta. Abin da na fi so a gare ta shi ne ba ta jiran kowa ya tuna. A kunna ta da safe, duk wanda ya hau tebur ya tarar da ɗumi tun kafin allura, alhali bargon iska sau da yawa sai an gama shafa da lulluɓi ake kunna shi, minti ashirin mafi muhimmanci sun wuce.

Rauninta a fili yake. Baya kaɗai take taɓawa, baya kuwa ba ta nan ɗumi ya fi fita ba, kuma nauyin jiki ya danne jijiyoyin wurin, jinin da zai kwashi ɗumin ya kai ciki kaɗan ne. In an kwantar da mutum ta gefe, ko an ɗaga ƙafafu, wurin da ke taɓa ta ya ƙara raguwa. In aka jibga mata zannuwa da leda mai kauri, an toshe ta. Tana iya riƙe mai ɗumi, amma ɗago wanda ya riga ya faɗi yana yi mata wuya. A manne take da tebur, ba ta bin majinyaci ɗakin farfaɗowa. Allura ko reza ta huda ta, ruwa ya shiga, an yi asarar abin gaba ɗaya, kuma mai gyaranta ba a kowane lungu yake ba. NICE ma ta ajiye ta a matsayi na biyu, inda iska ba ta dace ba. Tsohuwar katifar ruwa mai zagayawa ma ana samun tokumbonta. Ita ma baya take taɓawa, ga yoyo, ban ga dalilin sayenta yau ba.

To wanne? Na tambayi Yaya me suka fi yi. Tiyatar haihuwa, ƙaba, afendis, ƙari a mahaifa jefi-jefi. Kusan duka a rigingine, mafi yawa da allurar baya, da wuya a wuce awa ɗaya da rabi. Masu zuwa kuwa matan masu shayi ne da 'yan kasuwar Mile 12 da mahautan Oko-Oba, waɗanda kowace naira da aka ƙara a takarda sai an yi mata zama. Na ce mata, "Ni dai Yaya, in ni ne, katifa zan ɗauka, in matsa a haɗa da akwatin ɗumama ruwa, ko da za a ɗauki katifa mai araha cikin nagari. In an buɗe ciki, bargon iska ƙirji da hannuwa kaɗai zai samu, ga jariri da za a ɗora wa uwa a ƙirjin. Kuma na san mai asibitinku sau ɗaya ya ce."

Da asibitin na yin aikin hanji na awa uku ko huɗu ne, ko tiyatar ƙananan yara, ko tsofaffi masu ciwon zuciya, ko sauya ƙugun masu sikila, ko masu ƙuna, da amsata ta juya. Nan injin iska ne, ba shawara, amma da sharaɗin a rubuta kuɗin bargo cikin kuɗin aiki tun daga ranar farko, kuma a san wa zai kawo kwali na biyu da na goma. Mai hali ya haɗa duka, katifa a ƙasa, iska a sama.

Na kuma gaya mata kada ta yi wa iyayen nan alkawarin cewa karkarwa ta ƙare. Wata rawar jikin bayan allurar baya ba ta sanyi ba ce, tana zuwa ko ma'auni na nuna 36.5, kuma likita na da ɗan maganin da yake bayarwa bayan an ciro jariri. Dillali kuma a ce ya bar kayansa mako biyu a gwada, a buɗe littafi a riƙa rubuta zafin shiga da na fita. A tambaye shi wutar nawa take ci, wa ke gyara a Legas, in ta lalace wata nawa ake jiran kayan gyara. Wanda ya ƙi gwaji ya riga ya ba da amsa.

Bayan kwana goma ta kira ni ina cikin cunkoson Ikorodu Road. Ta samo wayar auna zafin a durowar ƙasa, cikin ledarta, ko buɗewa ba a yi ba. Mace ta farko da suka auna bayan aiki 35.2 ta nuna, ta rubuta a takarda ta ajiye wa likita a kan teburinsa, shi kuma ya yarda a bar ɗaki a 23 har a gama lulluɓi. Mai katifa ya kawo tasa gwaji, mai injin iska ya ce sai an biya rabi. Ta ce uwar matar na nan bakin ƙofa tun asuba da fulas ɗin kunun kanwa da barguna biyu, kuma a wannan karon ta karɓi bargunan.